Tambayi Likita: Jan wake, kanwa da girkin Meksiko

Likita, na sayi jan wake mai siffar ƙoda na haɗa shi da niƙaƙƙen nama da barkono, irin girkin iyakar Meksiko da Amurka. Tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali na yi amfani da ita. Bayan mun ci, duk gidan muka kwana amai. Naman ne?

Malama, na fi zargin waken. Jan wake ba jinsi ɗaya ba ne da wakenmu na ƙosai da alala. Yana ɗauke da sinadarin lektin mai yawa, wanda ke fusata hanji. Ƙwaya 4 ko 5 da ba su dahu ba sun isa su jawo tashin zuciya, amai da zawo cikin awa 1 zuwa 3. Tafasa mai ƙarfi ce kaɗai ke lalata wannan guba, tukunyar da kika yi amfani da ita kuwa sau da yawa ba ta kai zafin tafasa, sai dai ta yi ta ɗumama waken yana laushi alhali gubar na nan.

Nan gaba ki jiƙa shi aƙalla awa 5, ki zubar da ruwan, ki zuba sabo, ki bar shi ya yi ta ɓararraka a kan wuta minti 30 kafin ki juye a waccan tukunyar. Na gwangwani an riga an dafa shi, ɗauraye shi kawai za ki yi, hakan ma yana rage gishirin. Yawanci ana warwarewa cikin 'yan awanni, a dai riƙa shan ruwan gishiri da suga. Yaro ƙarami ko tsoho da amai ya hana shan ruwa, a kai shi asibiti.

Ina son wake amma yana kumbura min ciki. Akwai magani?

Malam, wake na da wasu nau'o'in suga da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa. Suna wucewa babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune a can su ci, su saki iska. Wannan ba cuta ba ce. Ka jiƙa waken awa 8 zuwa 12, ka zubar da ruwan jiƙon, a dafa shi har ya murƙushe tsakanin yatsu biyu. Fara da cokali uku ko huɗu a rana, kana ƙarawa. Cikin 'yan makonni ciki kan saba. Mutanen Meksiko na jefa wani ganye mai suna epazote a tukunya saboda wannan, amma jiƙon ya fi shi tabbas.

Ina da ciwon suga. Zan iya cin dakakken wake da tortiya, wato gurasar nan marar kauri, irin na Meksiko?

Za ki iya, Hajiya. Wake na cikin abincin da ba ya ɗaga suga da sauri, saboda harzar da ke cikinsa. Rabin kofi na dafaffe ya wadatar a zama ɗaya. Matsalar tana wajen rakiya: shinkafa, tortiyar fulawa mai faɗi da cuku. Ki zaɓi ƙananan tortiyar masara guda biyu, ki bar shinkafar. A Meksiko ana dafa masarar da ruwan toka ko na farar ƙasa kafin a niƙa, abin da ke sa jiki ya amfana da bitamin B3 ɗinta.

Wani abu kuma: dakakken waken nan da suke kira frijoles refritos, a al'adance da kitsen alade ake soya shi. In za ki sayi na gwangwani, karanta jikinsa. A gida cokali ɗaya na man gyaɗa da albasa ya isa kofi biyu na wake. Ki matsa lemon tsami ko ki yanka tumatir a kai don jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe, shayi kuma a jinkirta shi awa guda.

Laifi ne a sa kanwa don wake ya yi saurin nuna?

Tana sa shi laushi, gaskiya ne, amma tana lalata bitamin B1, kuma cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko na ƙoda, da mai jego, su ƙaurace mata. Abin da ke hana wake nuna sau da yawa tsufansa ne, ko zuba tumatir da wuri. Tsami na ƙarfafa fatar wake, saboda haka sai ya yi laushi a zuba tumatir.

Barkonon girkin Meksiko na kawo gyambon ciki?

A'a. Ƙwayar cutar H. pylori da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen ne manyan dalilai. Barkono dai yana iya tayar wa mai gyambo ko ƙwannafi raɗaɗi. Idan haka ne, ka cire 'ya'yan da farin jijiyar ciki, a jijiyar yajin ya fi taruwa, ko ka koma tattasai.