Tambaya da Amsa: Ta Yaya Za Mu Sa 'Yan Majalisa Su Raba Inshorar Lafiya da Kamfanoni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan gwamnatin tarayya ne a Sakkwato. Duk sanda aka tura mara lafiyarmu babban asibiti sai a ce mu jira lambar izini daga kamfanin HMO, wato kamfanin da ke tsakanin hukumar inshorar lafiya da asibiti, wani lokaci har a kwana. Mun haɗa kai muna son a cire hannun kamfanonin nan, hukuma ta riƙe abinta. Ta ina za mu fara?
Daga wani mai karatu, Runjin Sambo

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara da sanin ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, don nan ne ƙungiyoyi da yawa ke ɓata tafiya. Tsarinku yana ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar NHIS, kuma Majalisar Tarayya kaɗai ke iya gyara wannan doka. Mutanenku ke nan su ne sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 11 na jihar. Majalisar jiha mai mambobi 30 ikonta kan SOCHEMA yake, wato hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Wanda ya kai kukan HMO na tarayya can, za a karɓe shi da fara'a, a ba shi ruwa, shi ke nan.

Sai hujja. Ɗan majalisa ba ya iya tashi a zaure da "an ce". Ku buga takarda shafi ɗaya, kowane mamba ya cike: ranar da aka nemi lambar, ƙarfe nawa, yaushe ta fito, maganin da aka ce babu, da rasit na abin da ya saya a kemis. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai ya kamata ku biya, don haka duk rasit da ya wuce haka hujja ce. Takardu hamsin masu kwanan wata sun fi sa hannun mutum dubu nauyi. Amma ku rufe sunan mara lafiya da cutarsa, sai wanda ya yarda a rubuce.

Ku ji ta bakin asibitoci ma. Ana biyansu iri biyu: kuɗin kowane kai a wata, wanda ya daɗe yana naira 750 kafin a ƙara shi, da kuɗin aikin da aka yi a babban asibiti, wanda sai kamfani ya tantance. Idan biyan ya makara, asibiti ke ce muku magani ya ƙare. Ku rubuta wa NHIA ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ku nemi ranakun da ta saki kuɗi. Kwana 7 doka ta ba ta ta amsa. Da wannan za a gane inda kuɗin ya maƙale, kuma wani lokaci laifin ba na kamfani ba ne.

Takardar koke ba ta shiga zaure sai ta hannun ɗan majalisa, daga nan a miƙa ta ga kwamitin koke-koken jama'a. Gyaran doka kuwa sai ƙudiri: karatu na ɗaya da na biyu, kwamiti, jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, amincewar ɗaya majalisar, sannan sa hannun shugaban ƙasa. Ku je ofishin mazaɓa lokacin hutun majalisa, mutum biyar sun isa, da buƙata ɗaya a rubuce, a buga muku hatimin karɓa a kwafi. Kada a haɗa da roƙon aiki ko kujerar Makka, don da zarar an yi haka maganar ta mutu.

Tambayar da za a jefo muku ita ce, in an cire kamfanonin wa zai yi aikinsu? Ku shirya mata, don a 2017 ma an yi wannan dambarwa, lokacin da shugaban NHIS Farfesa Usman Yusuf ya ja daga da su, kuma har yau suna nan. Hukuma ma tana iya jinkirta biya. A ganinmu ku nemi abu uku a cikin ƙudirin: NHIA ta biya asibiti kai tsaye, a sa wa'adin biya, a kuma sa tara ga duk wanda ya saɓa, ko da hukumar ce. Ku jawo reshen ƙungiyar ƙwadago ta NLC da ƙungiyar likitoci ta NMA na jiha tun kafin ranar jin ra'ayin jama'a.