Ya sayi katan goma na sinadari ya ƙi karɓar fatura (rasit), in kai rahoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a shagon kayan tsafta da na gyaran gashi a Jidda. Makon jiya wani ya zo neman ruwan feroksaid (sinadarin sauya launin gashi) mafi ƙarfi, har katan goma. Da na tambaye shi sunan shagon askinsa sai ya ce in rage surutu. Ya biya da tsabar kuɗi, ya ƙi karɓar fatura, ya ce zai dawo. Abokin aikina ya ce in manta, wai dattijo ne mai kamala, farar riga da ƙamshin turare, bai yi kama da 'yan ta'adda ba. Ni tun ranar barcina bai cika ba, kuma ina tsoron in kira hukuma abin ya koma kan iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, hankalinka bai tashi a banza ba. Alamu huɗu ka lissafa ba tare da ka sani ba: yawan da ya wuce ƙima, neman mafi ƙarfi, ƙin faɗin amfanin, da gudun barin sawu a takarda. Guda ɗaya ba ta cewa komai. Huɗu a jikin mutum ɗaya kuwa sun isa a ɗaga waya.

Amma maganar abokin aikinka ce ta fi ci mini rai, domin kusan duk inda na je horar da ma'aikatan shago sai wani ya tashi ya faɗe ta. Wai mugu ana gane shi a fuska. Wace fuska? Wanda ya tarwatsa ginin gwamnati a Oklahoma a 1995, ya kashe mutum 168, tsohon sojan Amurka ne, aski tsaf, ba gemu ba rawani, kuma takin zamani ya saya kamar kowane manomi. Wanda ya kashe mutum 77 a Norway a 2011 ɗan ƙasar ne, ya yi hayar gona don kawai a sayar masa da tan shida na taki ba tare da an yi masa tambaya ba. Wanda ya shirya kai hari a jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York a 2009, a shagunan kayan gyaran gashi ya riƙa sayen kayan haɗa bam ɗinsa, irin shagonku sak. Duk wanda ya ƙulla sharri ya san me idon mai shago yake nema, don haka abu na farko da zai gyara shi ne shigarsa. Farar riga riyal nawa take? Turare nawa yake?

Kuma mu Hausawa ya kamata mu fi kowa ƙin wannan tunani. Sau nawa aka bi ɗanmu da kallo a kasuwa don launin fatarsa, alhali sabulu ya zo saya? Mai duba fuska yana zaluntar bayin Allah, sannan yana buɗe wa mai mugun nufi ƙofa da murmushi. Ka dubi cinikin. Mai shagon aski na gaskiya ya san lambar ƙarfin da yake so, yana taya farashi, yana neman fatura saboda haraji, in ka nuna masa wani samfuri mai sauƙin ƙarfi zai saurare ka. Wanda ya karanto suna daga waya, bai damu da tsada ba, ya ƙi duk abin da ka ba shi a madadi, wannan ne abin lura, ko da carbi a hannunsa.

Rahoto yana aiki. A 2011 a Texas, kamfanin sayar da sinadarai da kamfanin dakon kaya ne suka ga odar wani ɗalibi ba ta kwanta musu ba, suka sanar, aka kama shi kafin ya yi komai. Mu nan ma ba labarin nesa ba ne. A ƙarshen Ramadan na 2016 bam ya tashi kusa da Masallacin Annabi a Madina, jami'an tsaro huɗu suka rasu, ana dab da buɗa baki.

Yau ɗin nan ka zauna ka rubuta rana da lokaci, abin da ya saya, kamanninsa, irin maganarsa, da mota in ka gani. Ka faɗa wa mudir, wato manajan shagon, ka roƙe shi a cire hoton kyamarar ranar kafin na'ura ta goge shi da kanta. Sai a kira 911, ko 990 ta tsaron ƙasa. In fargabar iƙama ce ta riƙe ka, mai shagon ya kira, ai lasisinsa ne a rataye a bango. Masu cewa duk wanda ya kai rahoto shi ake fara tuhuma, ka tambaye su wa suka gani da idonsu.

In ya dawo kada ka tuhume shi, kada ka bi shi, kada ka nuna masa waya. Ka gaishe shi kamar kullum, ka ce kayan sun ƙare sai an kawo daga sito, ya bar lamba a kira shi.