Amsa ga mai son hawan Gangirwal a hutun Agusta

Salam ƙanina na Gwaram. Ka ce ku da abokanka kuna so ku je gandun dajin Gashaka-Gumti ku hau dutsen Gangirwal a hutun Agusta, kana tambaya ko ruwan sama zai hana ku. Ni dai shawarata ku ɗaga tafiyar nan zuwa Disamba ko Janairu. A Serti na yi bautar ƙasa, nan hedikwatar gandun take, daga baya ma na koma don kaina.

Mu nan mun saba hadari ya haɗo daga gabas, kana gona ka hango shi tun daga nesa, ka saɓa fartanyarka ka kama hanyar gida kafin ya sauko. Can duwatsu sun tare maka ido, sai dai kawai ka ji iska ta yi sanyi, kafin ka ankara gajimare ya sauko ya rufe ku har wanda ke gabanka ma ba ka ganinsa sosai. Kuma daminarsu tun Afrilu take farawa, har Oktoba ba ta gama ba, Agusta kuwa tsakiyarta ke nan.

Amma wallahi ba ruwan da ke zuba a kanka ne abin tsoro ba, rafuka ne. Rafin da muka tsallake da safe iya idon sawu, da la'asar muka dawo muka tarar ya koma jawur yana ta ɗauko itace da ganye, alhali ko ɗigo bai sauka a inda muke ba, can saman dutse aka sheƙa shi. Renjan da ke tare da mu, wato ma'aikacin gandun da ke mana jagora, ya tsoma sanda, ya kafa wani ɗan tsinke a bakin ruwan, muka zauna muna kallo har ruwan ya shanye tsinken, ya ce to yau nan za a kwana. Wani a cikinmu yana ta cika baki wai shi ɗan Hadeja ne ya iya ruwa, ko kallonsa renjan bai yi ba. Da asuba ruwan ya janye muka wuce lafiya.

Sai sanyi. Gangirwal ɗin, wato Chappal Waddi, mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, yana kan iyakarmu da Kamaru. Duk mita dubu da ka hau zafi yana raguwa da kamar digiri shida, to ka haɗa da jiƙaƙƙen kaya da iska, mutum sai ya kama karkarwa ya kasa ɗaure igiyar takalminsa. Ko da rani kuka je ku tafi da rigar sanyi da ta ruwa, kayan canji ku ƙulle su a leda, ashana ma haka. Silifas da takalmin sallah a bar su a gida don Allah. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, sukari, sun fi indomi amfani ranar da itace ya jiƙe wuta ta ƙi kamawa. In kun ji tsawa kuna kan tudu ku sauko ƙasa, kar a tsaya ɗaukar hoto. A ƙasa cikin kurmi kuma akwai ƙudan tsando, riga mai dogon hannu, banda baƙa da shuɗiya don su yake bi.

Sabis kar ku sa rai da shi, ku faɗa wa gida tun kafin ku shiga kar Hajiya ta tayar da hankalinta.

Hanya dai Jalingo, Garba Chede, Bali, sai Serti, kuma ku tambayi direbobi halin tsaro kafin ku taso, banda tafiyar dare. Da kun isa ku fara zuwa ofishin gandun ku yi rajista a haɗa ku da renja, ku ƙara kwana biyu a lissafinku na kuɗi da abinci saboda irin wancan rafin.