Fitilun biki sun ƙi bin na'urar sarrafawa, laifin wa?

Tambaya: Ina ba da hayar kayan sauti da fitilu a nan Zinder. Na sayo fitilu masu juyawa guda shida daga Kano, na haɗa su da tsohuwar na'urata. Wasu na ƙiftawa, wasu na juyi yadda suka ga dama. Kayan ne ba su dace da juna ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin mayar da kaya. Kusan duk fitilun dandali suna jin harshe ɗaya ne, DMX512, wanda aka tsara a Amurka tun 1986, kuma layi guda na ɗaukar tashoshi 512, kowace tasha na sarrafa abu ɗaya a fitila, kamar launi ko juyi. Sai dai shigar kan waya cikin rami ba ta nuna cewa sun fahimci juna.

Ka ware fitila ɗaya tak, da gajeriyar waya, ka ba ta adireshi na 1, wato lambar tashar da za ta fara karɓar umarni daga gare ta. Duba takardarta ka ga tashoshi nawa take ci, domin fitila guda kan zo da tsari biyu ko uku. In tana kan tsarin tashoshi 16 alhali na'urarka na zaton 11 ne, za ka taɓa launi ta juya kai. Idan ta bi a tsarin tashoshi 16, adireshin fitila ta biyu ya fara daga 17, na ta uku daga 33. A nan na fi zargin matsalarka take.

Sai waya. Na san wayar makirfo ce a hannun kowa, kuma tana shiga daram, amma ba don wannan aiki aka yi ta ba. A gajeren zango takan yi, in filin biki ya yi faɗi sai ƙiftawa ta fara. Nemi wayar DMX ta ainihi, ka jera fitilun daga wannan zuwa wancan, kada ka raba layi gida biyu da hannu. A fitilar ƙarshe ka toshe ramin fitar waya da rezista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 na kan waya. Wasu tsofaffin kaya ma sun juya waɗannan ƙafafu biyu, sai ka gwada musanya su. Layi ɗaya kada ya wuce fitilu 32.

Abin da nake roƙonka shi ne ka yi gwajin nan a gida, da janaretan da za ka kai wurin bikin, da duk tsawon wayar, ka bar su awa biyu suna aiki har su ɗau zafi. Wutarmu volt 220 ce, don haka karanta bayan kowace fitila kafin ka jona. Lokacin hunturu kuma ka riƙa hure ƙurar bakin wayoyin.