Filin Kanikanci: A Goge Tsofaffin Bawul Ko A Sayi Sababbi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata Corolla ce mai injin 1ZZ. Ta yi zafi har gasket ya ƙone, an sauke kan injin. Bakanikena ya ce a goge bawul ɗin da girandin fes (man goge bawul mai tsakuwa-tsakuwa) a mayar, wani kuma ya ce sai an sayi sababbi duka 16. Maganar wa zan bi?
Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dukansu biyu sun yi gaggawa, domin awo ne ke yanke wannan hukunci.

Tun wajen kwancewa ake fara kula. A huda kwali, a soke kowane bawul a raminsa bisa jerin silinda, kada a cakuɗa su, don kowanne ya riga ya saba da mazauninsa. A kankare baƙin da ya daskare a kansu, sannan a duba. Wanda bakinsa ya tsage ko ya ƙone ya tashi daga aiki. Haka ma wanda gefen kansa ya sirance kamar bakin wuƙa, ya koma ƙasa da milimita 0.7. A mirgina sandar kowanne a kan gilashi. In kan yana rawa, ya lanƙwashe, kuma ba a miƙar da bawul da guduma, komai daɗin bakin mai cewa zai iya.

Inda aka fi yin sakaci shi ne bututun da sandar ke zirga-zirga a ciki, wato gaid. A ɗaga bawul kaɗan daga mazauninsa, a kaɗa shi gefe da gefe. A injin Toyota irin naka, ratar kada ta wuce milimita 0.08 a na shigar iska, 0.10 a na fitar hayaƙi. In ta wuce, ko sabon bawul aka sa zai riƙa zama a karkace, ya sha baƙin mai, ya ƙone ba da jimawa ba. Dole a sake gaid, a yanke mazaunin daga baya.

Shi girandin fes aikinsa share ƙananan tabo ne kawai, ba ya cike rami. Bayan gogewa a nemi zobe mai launin toka da ya zagaye fuskar bawul ba yankewa, faɗinsa milimita 1 zuwa 1.4. Wannan zobe yana da muhimmanci ƙwarai, don bawul na hayaƙi kan kai zafin digiri 700 na Celsius ko fiye, kuma ta nan yake sauke mafi yawan zafin cikin kan inji. A wanke fes ɗin tsaf, ragowarsa na cin gaid. Sil kuwa, wato robar da ke hana mai bin sandar bawul, a sake duka 16, ba a mayar da tsoho. In an ɗaura sifirin, a zuba kananzir ta hanyar iska da ta hayaƙi. Duk bawul ɗin da ya yi jiɓi, a koma kansa.

Tunda zafi motar ta yi, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan injin a gwada da fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata. In lanƙwasar ta wuce milimita 0.05, bawul ba shi ne babbar matsalarka ba.

Tambaya: An yi mini aikin kan inji, amma bayan 'yan watanni silinda ɗaya ta daina aiki, an ce bawul ya ƙone. Me ya jawo?
Daga wani direba a Maraɗi

Amsa: Galibi ba a daidaita ratar bawul, wato ratar da ke tsakaninsa da kam ɗin da ke danna shi, bayan aikin ba ne. Gogewa da yankan mazauni suna sa bawul ya ƙara nutsewa, ratar ta ragu. Da inji ya ɗau zafi sai bawul ya kasa rufewa sosai, wuta ta riƙa bi ta gefensa. Kowane inji da nasa awon. A 1ZZ, misali, milimita 0.15 zuwa 0.25 ne na iska, 0.25 zuwa 0.35 na hayaƙi, kuma sai inji ya huce ake aunawa.