Hukuncin Ƙawata Lambun Gida da Duwatsun Ado da Tsakuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina da ɗan fili a gidana da nake so in mayar da shi lambu. Niyyata in zuba farar tsakuwa a hanyar da ake bi, in jera manyan duwatsu a gefen furanni. Wani aminina ya ce wannan almubazzaranci ne, har ya kawo hadisin da ke cewa ba a umurce mu da tufatar da duwatsu da laka ba. Mai sayar da duwatsun kuma ya ce akwai wasu masu sheƙi da ke korar sharri daga gida. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abin da ka yi niyya halal ne. Asali a al'amuran duniya shi ne halasci, sai in dalili ya zo da hani. Allah Ya ce Shi ne Ya halitta mana abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya (Baƙara, aya ta 29), kuma Ya ƙalubalanci duk mai haramta ƙawar da Ya fitar wa bayinsa (A'araf, aya ta 32). A suratu Faɗir, aya ta 27, launin duwatsu ma aka ambata cikin ayoyin ikonsa: farare, jajaye masu launuka mabambanta, da baƙaƙe ƙirin. Muslim kuma ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ce Allah Mai kyau ne, Yana son kyau. Daɓen masallacin Madina kansa tsakuwa ce a zamaninsa, shi ya sa ya ce wanda ya yi wasa da tsakuwa ana huɗubar Juma'a ya yi lagwu, wato aikin banza.

Hadisin da amininka ya kawo ingantacce ne, yana cikin Sahihu Muslim, amma ba wurinsa ya ajiye shi ba. Nana A'isha ce ta rataya wani ƙyalle a ƙofa, Annabi (SAW) ya cire shi, ya ce Allah bai umurce mu da tufatar da duwatsu da laka ba. Maganar a kan lulluɓe bango da yadi take. Ko a nan ɗin, Imam Nawawi (ya rasu shekara ta 676 bayan Hijira) ya bayyana cewa lafazin bai kai ga haramci ba, domin abin da ba a yi umurni da shi ba bai zama dole ya zama haram ba. Zuba tsakuwa a ƙasa wani abu ne daban, kuma amfaninsa a fili yake. Tana hana taɓo da damina, tana danne ƙura da rani, ruwan sama kuma yana ratsa ta ya shiga ƙasa, saɓanin daɓen siminti da ke kora shi waje. Ba ta neman ban-ruwa kullum kamar ciyawar ado. A wurin da ruwa ke da wuya, ni a ganina tsakuwa ta fi kusa da tsimi.

Duk da haka kada ka watsar da nasihar amininka. Almubazzaranci ba shi da mudu ɗaya ga kowa, ana auna shi da halin mutum da haƙƙoƙin da ke wuyansa. Wanda ake binsa bashin da lokacinsa ya yi, ko iyalinsa ke cikin ƙuncin ci da sha, ko bai fitar da zakkarsa ba, ba ya halatta ya tura kuɗin ga duwatsu, domin wajibi yana gaba da ado. Haka wanda ya yi don a ce gidansa ya fi na maƙwabci, niyyarsa ta ɓata masa aikin ko da kuɗin kaɗan ne. Wanda ya sauke haƙƙoƙinsa, ya kashe daidai ƙarfinsa don iyalinsa su sami wurin shan iska, babu laifi a kansa.

Maganar mai sayarwa ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙonka ka kula da ita sosai. Dutse ba ya korar sharri, ba ya jawo arziki, ba ya tare kambun baka, komai sheƙinsa da tsadarsa. Wanda ya ƙudurta cewa dutsen da kansa yake yin haka ya faɗa babban shirka. Wanda ya ɗauke shi sababi kawai, alhali shari'a ba ta sanya shi ba, gwaji ma bai tabbatar ba, ya faɗa ƙaramin shirka. Bukhari ya ruwaito daga Abu Raja'il Uɗaridi cewa a Jahiliyya dutse suke bauta wa, in sun sami wanda ya fi shi kyau sai su jefar da na farko su ɗauki sabon. Sayyidina Umar kuwa a gaban Hajarul Aswad ya tsaya ya ce ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa, ba ya amfanarwa, ba don ya ga Annabi (SAW) ya sumbace shi ba da bai sumbata ba. In haka aka faɗa wa wannan dutsen, ina ga na kasuwa? Idan kyansa kawai ya ba ka sha'awa, zuciyarka kuma ta kuɓuta daga wannan zato, sayensa ya halatta. Amma in kana jin yaranka ko baƙinka za su ɗauke shi kariya, barinsa ya fi.

Kada ka sanya gunki ko mutum-mutumin abu mai rai, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura, wato siffar abu mai rai. Siffar kan Buda, wanda ya kafa addinin Buda, da ake sassaƙawa don lambu ta fi muni, tunda abin bauta ne ga wasu. Kada kuma a rubuta sunan Allah ko aya a dutsen da za a taka.

Sai ka binciki inda dutsen ya fito. Ɗiba daga filin wani ba da izininsa ba ƙwace ne. Na maƙabarta ba a taɓa shi, domin alamar kabari ce kuma kayan waƙafi. Inda hukuma ta hana haƙa a bakin kogi saboda zaizayar ƙasa, bin hanin wajibi ne, bisa ƙa'idar da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. Ƙa'idar ta shafi ranar da mota za ta kawo maka kayan. Kada a juye a kan hanya a bar shi kwana da kwanaki, kada kuma ya toshe magudanar ruwa ya tura ambaliya gidan maƙwabci.

Shawarata kada ka rufe filin duka da dutse. Dutse yana tara zafin rana ya sake shi da dare, ba ya ƙara wa ƙasa taki, in ya matse gindin bishiya kuma yana wahalar da ita. Ka bar wa itatuwa wuri mai yalwa, domin Annabi (SAW) ya ce duk Musulmin da ya yi dashe ko shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. In akwai tsofaffi a gidan, ka shimfiɗa faffaɗan dutse marar santsi a hanyar da suke bi, domin tsakuwa mai mulmula tana zame ƙafa. In akwai masu rarrafe, ka guji ƙananan da za su iya haɗiyewa.

Wallahu a'alam.