Amsa: Tsohon fayil yana neman nroff, kwamfuta ta ce babu

Ɗan'uwa daga Katsina, ka ce tsohon Makefile ɗin ofishinku (fayil mai jerin umarnin da kwamfuta ke bi wajen haɗa aiki) yana kiran `nroff -man`, wato umarnin manhajar tsara rubutu ta nroff, amma sabuwar kwamfutar Linux ta ce ba ta san wannan umarnin ba. Kafin ka rubuta komai, duba ko an saka groff, manhajar tsara rubutu da ke yin aikin nroff a Linux. A Debian da Ubuntu, kunshin groff-base yana zuwa da nroff. Kuma nroff ɗin nan ba na Bell Labs ba ne wanda Joe Ossanna ya rubuta. Ɗan rubutun shell ne kawai (gajeren fayil na umarni) da ke miƙa aikin ga groff na James Clark, wanda ya fito a 1990.

In kuwa dole sai ka yi naka nroff ɗin, layi biyu sun isa:

#!/bin/sh
exec groff -Tutf8 -mtty-char "$@"

Ajiye shi da sunan nroff a /usr/local/bin, ka ba shi izinin yin aiki da umarnin chmod +x. Kada ka cire alamun zancen da ke kewaye da $@, in ba haka ba sunan fayil mai sarari a cikinsa zai tsage gida biyu. Na taɓa ɓata yini guda a wani shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura kan wannan ɗan kuskuren, wallahi har la'asar ban gano ba.

Abu ɗaya da zai iya ba ka haushi: sabon groff yana fitar da rubutu mai kauri ta hanyar lambobin sarrafa allon umarni (terminal), waɗanda `col -b`, umarnin tsabtace rubutu, ba ya sharewa. Ƙara -P-c a layin groff ɗin da ke sama, zai koma tsohon salon da `col -b` ke iya sharewa.